Suɓul Da Baka Da Mudu Biyu: Yadda Manyan Ƙasashe Ke Auna Laifin Mamaya

Ran 18 ga watan Mayu, 2022, tsohon Shugaban Amurka, Mista George W. Bush, ya miƙe a gaban taro a birnin Dallas domin ya yi jawabi a kan zaɓe da mulkin jama'a. A lokacin kuwa sojan Rasha sun yi kusan wata uku cikin ƙasar Yukren. Ya shiga zayyana laifofin Shugaba Putin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a Rasha maguɗin zaɓe a ke yi, a kan ɗaure abokan hamayya ko a kau da su daga fage, saboda haka babu sauran wanda zai ja wa mai mulki linzami. Ya ce abin da wannan ya haifar shi ne mutum guda ya yanke shawara shi kaɗai, ya kai mamaya ta rashin imani, wadda ba ta da hujja ko kaɗan, a kan Iraƙi. Sai ya yi turus, ya girgiza kai, ya ce Yukren ya ke nufi. Sa'an nan ya yi ƙasa da murya ya ce, har Iraƙin ma. Ya kawo shekarunsa 75 don su zama masa uzuri, mutanen zauren kuwa suka bushe da dariya.

Magana zarar bunu ce. Kafin gari ya waye jawabin ya zaga duniya, gama kowa ya san shi Mista Bush ɗin shi ne ya ba da umurnin shiga Iraƙi a 2003. Mai shekara 75 ya kan yi tuntuɓen harshe, wannan ba abin mamaki ba ne, ba kuwa abin zargi ba. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, katoɓara irin wannan ta kan ɗaga labule a ga abin da manyan ƙasashe suka daɗe suna yi, watau su riƙe mudu biyu, ɗaya na auna laifin abokin gaba, ɗaya na auna nasu da na abokansu. Kowace kasuwa aka kama mai awo da mudu biyu, sarkin kasuwa zai kore shi. A kasuwar duniya kuwa masu mudu biyun su ne sarakunan kasuwa, ƙananan ƙasashe irin namu su ne masu saye.

Abin Da Doka Ta Ce

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ran 26 ga Yuni, 1945, ƙasashe 50 suka sa hannu a kundin dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin San Francisco. Sashe na 2 na kundin ya hana kowace ƙasa ta yi amfani da ƙarfin soja, ko ta yi barazana da shi, a kan iyakokin wata ƙasa ko 'yancinta. Ƙofa biyu kaɗai aka bari. Ta fari, sashe na 51 ya yarje wa ƙasa ta kare kanta in an kawo mata hari. Ta biyu, Kwamitin Sulhu na Majalisar yana iya ba da izinin yaƙi in ya ga zaman lafiyar duniya na cikin haɗari. Nijar ta shiga ƙarƙashin wannan doka a watan Satumba, 1960, Nijeriya kuwa ran 7 ga Oktoba na wannan shekara, ta zama ƙasa ta 99.

Amma fa an gina kundin da wata ɓaraka a jikinsa. Ƙasashe biyar, watau Amurka da Ingila da Faransa da Rasha da Sin, suna da kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, kowace kuwa tana iya hawa kujerar na-ƙi ta kashe kowane ƙuduri. Misalinsa kamar a naɗa alƙalai biyar ne, sa'an nan a ba kowannensu iko ya kori ƙarar da aka kawo a kansa ko a kan yaronsa. Duk da haka ba ka jin wata ƙasa ta fito ta ce ta yi mamaya. Kullum sai a sa wa abin riga. Wani ya ce gayyatarsa aka yi, wani ya ce ceto ya je yi, wani ya ce riga-kafi ya yi tun ba a kawo masa hari ba. Wannan sa riga ita kanta shaida ce cewa sun san dokar, sun kuma san sun taka ta.

Mako Ɗaya, Mamaya Biyu

Ba a taɓa ganin mudu biyu a fili kamar yadda aka gan shi a 1956 ba. Ran 26 ga Yuli Shugaba Jamal Abdul Nasir na Masar ya ƙwace kamfanin mashigin ruwa na Suwes daga hannun Ingilishi da Faransawa, ya mai da shi na ƙasa. A ƙarshen Oktoba wakilan Ingila da Faransa da Isra'ila suka gana a asirce a wani gida a Sevres, kusa da birnin Faris, suka ƙulla dabara: Isra'ila ta kai wa Masar hari, sa'an nan Ingila da Faransa su shigo da sunan masu rabon faɗa. Ran 29 ga Oktoba Isra'ila ta shiga hamadar Sinai. Kashegari Ingila da Faransa suka ba ɓangarorin biyu wa'adi kowa ya ja da baya mil 10 daga mashigin, alhali kuwa mashigin a tsakiyar ƙasar Masar ya ke. Da Masar ta ƙi, suka fara zuba mata bama-bamai, ran 5 ga Nuwamba kuma suka sauke soja a Fot Sa'id. Sa'ad da aka kai maganar Kwamitin Sulhu, Ingila ta hau kujerar na-ƙi, karo na fari a tarihinta, Faransa ta rufa mata baya.

To, a cikin wannan mako, ran 4 ga Nuwamba, tankokin yaƙin Tarayyar Sobiyet suka kutsa Budapest, babban birnin Hangari, don su murƙushe mutanen da suka tayar suna neman 'yanci. Aka kashe 'yan Hangari wajen 2,500, wasu 200,000 suka yi gudun hijira, daga baya a 1958 aka rataye Firayim Ministansu, Imre Nagy. Kashegarin shigar tankokin nan, Firayim Ministan Sobiyet, Bulganin, ya rubuta wa Landan da Faris takardu masu zafi, yana la'antar zaluncin da a ke yi wa Masar, har da gargaɗin makamai masu linzami. Ingila kuma tana can tana la'antar zaluncin da a ke yi wa Hangari. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hangen na wani. Ita ma Indiya ta Nehru, wadda ta yi tir da harin Masar nan take, ta yi ta jan ƙafa a kan na Hangari.

Shugaba Eisenhower na Amurka ya faɗa wa mutanensa ran 31 ga Oktoba cewa ba shi yiwuwa a kafa wa abokan gaba doka ɗaya a kafa wa abokai wata. Bai tsaya ga magana ba, ya hana Ingila rancen da ta ke nema don ta tallafi fam, wanda darajarsa ke zubewa, tilas aka tsai da wuta ran 6 ga Nuwamba. Ran 20 ga Disamba Firayim Ministan Ingila, Sir Anthony Eden, ya tsaya a Majalisar Wakilai ya ce ba su da masaniya tun da fari cewa Isra'ila za ta kai hari. Ran 9 ga Janairu, 1957, ya sauka daga mulki. Takardar da aka sa wa hannu a Sevres kuwa ta fito daga baya, kowa ya gani.

Mai Dokar Barci

Da Amurka ta riƙe wannan mudu ɗaya, da tarihi ya sake. Amma tun Eisenhower na kan mulki hukumar leƙen asirinsa ta fara horar da 'yan gudun hijirar Kyuba don su kifar da Fidel Castro. Ran 15 ga Afrilu, 1961, zamanin Shugaba Kennedy, jiragen sama da aka shafa wa fentin sojan Kyuba suka kai hari a filayen jiragen ƙasar. Wakilin Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Adlai Stevenson, wanda gwamnatinsa ta ɓoye masa gaskiya, ya ɗaga hoton jirgi ɗaya yana cewa matuƙan Kyuba ne da suka yi tawaye. Bayan kwana biyu mutum wajen 1,400 suka sauka a gaɓar Kyuba, cikin kwana uku aka gama da su, asiri ya tonu. Wata takwas bayan haka, a Disamba, Indiya ta kori Fotugal daga Goa, yankin da Turawan suka riƙe tun 1510. Sai ga Stevenson ɗin nan ya miƙe yana gargaɗi cewa in aka ƙyale ƙarfi ya raba gardama, to an kama hanyar kashe Majalisar. Wannan karo Sobiyet ce ta hau kujerar na-ƙi don ta kare Indiya.

Haka aka yi ta yi bi da bi. Amurka ta sauke soja a Jamhuriyar Dominika a 1965, Sobiyet ta shiga Cekoslobakiya a 1968. A Disamba, 1979, Sobiyet ta shiga Afganistan ta ce gwamnatin ƙasar ce ta gayyace ta, sai dai sojanta sun fara da kashe shugaban gwamnatin, Hafizullah Amin. Babban Zauren Majalisa ya nemi a janye da ƙuri'a 104, masu ƙi 18, Amurka kuma ta ƙaurace wa wasannin Olimfik na Mosko a 1980. Ran 25 ga Oktoba, 1983, ita Amurkar ta afka wa tsibirin Girinada, wanda mutanensa ba su wuce 100,000 da 'yan kai ba. Babban Zauren ya yi tir da ƙuri'a 108, masu ƙi 9, watau sun ɗara ma na Afganistan. Da 'yan jarida suka tambayi Shugaba Reagan a kan wannan ƙuri'a, sai ya ce ko karin kumallonsa ba ta ɓata masa ba. Ya kuma ƙi yarda a kira abin mamaya, ya ce aikin ceto ne. A Disamba, 1989, Shugaba Bush uba ya tura soja Fanama suka kamo shugabanta, Janar Noriega, Babban Zauren ya sake yin tir da ƙuri'a 75, masu ƙi 20.

Saddam Ɗaya, Hukunci Biyu

Wanda ke son ya ga mudun nan biyu a kan mutum guda, ya dubi Saddam Husaini. Ran 22 ga Satumba, 1980, ya afka wa Iran. Kwamitin Sulhu ya yi kwana shida kafin ya fitar da ƙuduri, ƙudurin kuwa bai ambaci wanda ya fara ba, bai kuma ce Iraƙi ta janye ba, gama a lokacin manyan ƙasashe suna fushi da juyin juya halin Iran. Aka yi shekara takwas ana zub da jini, Sobiyet da Faransa suna sayar wa Saddam makamai. A Disamba, 1983, manzon Reagan, Donald Rumsfeld, ya je Bagadaza suka yi musafaha. Sai a 1991 Babban Sakataren Majalisa ya rubuta cewa Iraƙi ce ta tsokano yaƙin. Amma ran 2 ga Agusta, 1990, da Saddam ɗin nan ya shiga Kuwaiti, a ranar aka yi tir da shi, bayan kwana huɗu aka ƙaƙaba masa takunkumi, a Nuwamba aka ba da izinin yaƙi. Wannan hukunci daidai ne, har Nijar da Senegal sun aika da soja. Abin tambaya shi ne ina wannan hanzari ya shiga a 1980.

A 2003 kuwa babu izinin. Ran 5 ga Fabrairu Sakataren Harkokin Wajen Amurka, Colin Powell, ya ɗaga wata 'yar kwalba a Kwamitin Sulhu don ya kwatanta irin gubar da ya ce Iraƙi ta ɓoye. Masu binciken makamai na Majalisa, ƙarƙashin Hans Blix, suka nemi a ƙara musu 'yan watanni. Aka yi ta zarya a kan ƙasashen Afirka uku da ke Kwamitin a lokacin, Angola da Kamaru da Gini, amma ƙuri'a tara da a ke bukata ba ta samu ba, Faransa kuma ta ce za ta hau kujerar na-ƙi. Amurka da Ingila suka janye ƙudurinsu, ran 20 ga Maris suka shiga. Aka bincike ƙasar ba a sami tarin makaman ba. A Maris, 2004, a wurin wata liyafar 'yan jarida, Mista Bush ya nuna hotunansa yana leƙe-leƙe a ofishinsa, yana raha cewa makaman ya ke nema. A Satumba na wannan shekara Kofi Annan ya faɗa wa BBC cewa yaƙin ya saɓa wa kundin Majalisa, haramtacce ne. Powell da bakinsa ya ce jawabin nan tabo ne a tarihinsa. A Yuli, 2016, kwamitin bincike na Sir John Chilcot ya yanke cewa Ingila ta shiga yaƙin tun hanyoyin lumana ba su ƙare ba. Amurka ta yi hasarar soja wajen 4,500, Ingila 179. 'Yan Iraƙi kuwa masu ƙidaya sun sha bamban, amma ko mafi ƙanƙantar lissafi ya haura 100,000.

Saboda haka ne duniya ta kan riƙe baki in ta ji wasu maganganu. A Agusta, 2008, da Rasha ta shiga Jojiya, Sanata John McCain ya ce a ƙarni na 21 ƙasashe ba su mamaye wasu ƙasashe. Ran 2 ga Maris, 2014, John Kerry, Sakataren Harkokin Waje, ya ce ba a shiga ƙasar wani bisa hujjar da aka ƙaga. Su biyun kuwa suna cikin sanatocin da suka ba Bush izinin yaƙin Iraƙi a Oktoba, 2002. Na ukunsu, Joe Biden, bayan ya zama Shugaba, ya ce a Janairu, 2022, in Rasha ta yi ɗan ƙaramin kutse ne martanin zai bambanta, har Shugaba Zelensky ya mayar masa cewa babu ƙaramin kutse, kamar yadda babu ƙaramar ƙasa. A Yuni, 2023, shi ma harshensa ya zame, ya ce Putin na shan kaye a yaƙin Iraƙi.

Gwano Ba Ya Jin Warin Jikinsa

Kada mai karatu ya zaci cutar ta Yammacin duniya ce kaɗai. A Satumba, 2013, sa'ad da Amurka ke shirin kai wa Siriya hari, Shugaba Putin ya rubuta maƙala a jaridar New York Times yana tuna wa Amurkawa cewa doka ba ta yarda da ƙarfi ba sai don kare kai ko da izinin Kwamitin Sulhu, duk abin da ya wuce haka ta'adi ne. Ba a yi wata shida ba, sojoji marasa tambari a kakinsu suka cika yankin Kirimiya na Yukren. Da aka tambaye shi a Maris, 2014, ya ce 'yan sa-kai ne na yankin, irin wannan kaki kuwa ko a kanti ana iya saye. A Afrilu ya amsa cewa sojan Rasha na bayansu. Rasha kuwa ta sa hannu a Budapest a 1994 cewa za ta girmama iyakokin Yukren, a madadin makaman nukiliyar da Yukren ta miƙa. Hujjar da Putin ya kawo ita ce Kosobo, inda ƙungiyar NATO ta yi kwana 78 tana ruwan bama-bamai a 1999 ba da izinin Kwamitin Sulhu ba. Watau abin da ya yi shekaru yana kira haram shi ya mayar hujjarsa.

Ran 21 ga Fabrairu, 2022, aka nuna taron majalisar tsaron Rasha a talabijin. Shugaban leƙen asirin waje, Sergei Naryshkin, ya rikice yana in'ina, ya ce ya goyi bayan a shigar da yankunan Donetsk da Luhansk cikin Tarayyar Rasha. Putin ya katse shi ya ce ba wannan a ke tattaunawa ba, maganar amincewa da 'yancinsu a ke yi. Bayan kwana uku aka shiga Yukren, a ƙarshen Satumba kuma Rasha ta yi shelar haɗiye yankunan nan biyu da wasu biyu. Ashe mutumin riga malam masallaci kawai ya yi. Ran 10 ga Maris, 2022, Ministan Harkokin Waje, Sergei Lavrov, ya ce a Antalya ta Turkiyya wai Rasha ba ta kai wa Yukren hari ba. Bayan shekara guda a birnin Delhi, da ya ce yaƙi ne aka ƙaddamar a kansu, jama'ar zauren suka yi masa dariya.

Mudun kuma ya kan sake da sakewar mai riƙe da shi. A Yuli, 2018, gwamnatin Shugaba Trump ta yi shelar cewa ba za ta amince da ƙasar da aka ƙwace da ƙarfi ba, tana nufin Kirimiya. A Maris, 2019, ta amince da ikon Isra'ila a kan tuddan Golan na Siriya, waɗanda aka kama da yaƙi a 1967, ko da ya ke Amurka na cikin waɗanda suka ce haɗiye su haramun ne a Kwamitin Sulhu a 1981. Ran 2 ga Maris, 2022, Amurka ta ja gaba aka sami ƙuri'a 141 a kan Rasha, masu ƙi 5. Ran 24 ga Fabrairu, 2025, da aka sake kawo ƙuduri makamancinsa, sai ga ta a layi ɗaya da Rasha tana cewa a'a.

Abin Da Masu Kare Su Ke Cewa

Adalci ne mu kawo hujjar ɗaya ɓangaren. Masu kare Amurka su kan ce ba daidai ba ne a gwama Iraƙi da Yukren. Saddam azzalumi ne wanda ya mamaye maƙwabta biyu, ya kuma kashe dubban Kurdawa da iskar guba a Halabja a 1988. Amurka ba ta haɗiye ko taƙi ɗaya na Iraƙi ba, ta kuma kwashe rundunarta a 2011, alhali Rasha ta ce ƙasar da ta kama ta zama tata har abada. Wannan bambanci gaskiya ne, ba ƙarami ba ne kuwa. Masu kare Rasha su kuma su kan ce NATO ce ta yi ta matsowa har bakin ƙofarta. Sai dai kundin 1945 bai ce a shiga ƙasa in shugabanta mugu ne ba, bai kuma ce a shiga in maƙwabci ya ƙulla abota da wanda ba a so ba. In aka buɗe waɗannan ƙofofi, mai ƙarfi ne zai riƙa yanke wane ne mugu da wace abota ce haɗari.

Akwai kuma wani kuskure da ya yaɗu a tsakanin jama'armu, a majalisun hira da kafofin sada zumunta. Sai ka ji mutum ya ce, tun da Amurka ta yi a Iraƙi, ai Rasha ma ta yi daidai. Wannan ba gyaran mudu ba ne, fasa shi ne gaba ɗaya. Ɓarawon da ya shiga gidan Audu bara bai halatta wa wani ɓarawo gidan Tanko bana ba, mutanen Mariupol kuma ba su ne suka rushe Falluja ba.

Ina Ruwanmu?

Ruwanmu na nan tsundum. Ran 17 ga Maris, 2011, Kwamitin Sulhu ya ba da izinin kare fararen hula a Libiya, Nijeriya da Afirka ta Kudu da Gabon suna cikin ƙasashe 10 da suka amince. Aka ɗauki izinin kare jama'a aka yi aikin kifar da gwamnati da shi, aka ture shirin sulhu na Tarayyar Afirka gefe. Ran 20 ga Oktoba aka kashe Mu'ammar Gaddafi a Sirte, Hillary Clinton kuwa da labarin ya iske ta sai ta yi dariya ta ce sun zo, sun gani, ya mutu. Rumbunan makaman Libiya suka fashe, kaya suka bi sahara, a 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye, wutar kuma ta yi ta ci har yankin Sahel duka ya ji zafinta. A 2016 Shugaba Obama ya ce rashin shirya abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne mafi munin kuskurensa. Shi ya faɗa a can, mu muka biya a nan.

Mu ma a Afirka ba mu tsira daga mudu biyu ba. A 1978 da Idi Amin ya mamaye yankin Kagera na Tanzaniya, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ba ta yi tir da shi ba, amma da Nyerere ya bi shi har Kampala a 1979, wasu shugabanni suka yi masa caa a taron Monrovia. Duk da haka muna da abin nuna wa duniya. A taron Alƙahira na 1964 shugabanninmu suka yarda a bar iyakokin da aka gada yadda su ke, ko da ya ke Turawa ne suka shata su ba da shawararmu ba. Wannan ne jakadan Kenya, Martin Kimani, ya tuna wa Kwamitin Sulhu ran 21 ga Fabrairu, 2022, ya yi tir da abin da Rasha ke yi, ya kuma haɗa da dukan manyan ƙasashe masu taka doka. A 1994 Kotun Duniya ta ba Cadi zirin Auzu, Libiya ta kwashe sojanta cikin 'yan watanni. Ran 10 ga Oktoba, 2002, kotun ta ba Kamaru Bakasi. Nijeriya ta fi Kamaru jama'a da soja nesa ba kusa ba, hukuncin kuma ya yi wa mutane da yawa ciwo, amma ta sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, ta kammala miƙa yankin ran 14 ga Agusta, 2008. Amurka kuwa da wannan kotu ta same ta da laifi a 1986 a ƙarar da Nikaragwa ta kai, ƙin hukuncin ta yi, ta kuma hau kujerar na-ƙi sa'ad da aka nemi a zartar.

Ƙasar da ba ta da makaman nukiliya, ba ta da kujerar na-ƙi, ba ta da garkuwar da ta wuce wannan doka. Don haka amfaninmu yana ga mu kira mamaya da sunanta ko wane ne ya yi, ko mai ba mu rance ne, ko mai sayar mana da makamai, mu kuma ci gaba da neman kujerun dindindin biyu da Afirka ta tsaya a kansu tun 2005. Ku kuma masu karatu, duk ran da kuka ji a rediyo wata ƙasa ta tura soja cikin wata, kada sunan da aka raɗa wa aikin ya ruɗe ku. Ku tambayi abu uku: wa ya ƙetare iyakar wa, an kai masa hari ne tukuna, Kwamitin Sulhu kuma ya ba shi izini? Amsar waɗannan ta isa ku auna kowa da mudu ɗaya.

Allah ya ba shugabannin duniya ikon yin adalci, ya kiyashe mu da ƙasashenmu daga sharrin mai ƙarfi marar tsoron Allah, amin.